Rijiyar Inna

Mai haɗa waya: Alo, Maraɗi? Ga Yamai. Ku yi magana.

Ɗanjuma: Alo? Salamu alaikum. Alo! Wa ke magana?

Delu: Tabita, babu kowa ciki. Iska kawai nake ji... Ta nan? Af, ashe a juye na riƙe abin. Alo? Malam?

Ɗanjuma: Delu? Ke ce? La'ilaha illallahu! Delu a waya!

Delu: Ni ce, Malam! Ina wuni!

Ɗanjuma: Lahiya lau. Rage murya, ba sai kin yi ihu ba, wayar ita ke kawo maganar.

Delu: Na'am?

Ɗanjuma: Na ce ki rage... to, bar shi. Ina gajiya?

Delu: Babu gajiya. Ina aiki?

Ɗanjuma: Aiki da godiya. Ina gida? Ina yara?

Delu: Lahiya lau. Ya ɗari can wajenku?

Ɗanjuma: Ɗari kam akwai shi, sai mun hura wuta da sahe kahin mu taɓa baskil, ƙarhen awon gyaɗa. Ina maƙwabta? Ina su Sumana?

Delu: Suna nan. Ina Alhaji Kabiru da iyalinshi?

Ɗanjuma: Lahiya lau, ga shi can bakin kanti. Shi ya aiko anka kira ni daga wurin awo, wai Yamai na nemana. Na taho da gudu, ƙurar gyaɗa har cikin kunne. Daga ina kike magana?

Delu: Gidan waya. Tabita ta kawo ni, da ta taso daga aiki likita. Ita ta yi masu nasaranci sunka haɗa mu.

Ɗanjuma: Allah shi saka mata. Gaishe ta.

Delu: Tana ji. Gyaɗa ta yi kyau bana?

Ɗanjuma: Ta yi, alhamdulillahi. Buhuna har sun fi ɗaki tsawo, kamiyo, manyan motocin kaya, na shiga na hita. Delu, ba don ki tambayi gyaɗa kinka taso daga Gamkalle ba. Mi ya faru?

Delu: Babu komi. Sai alheri.

Ɗanjuma: To, alherin nake son ji.

Delu: Maganar rijiya ce.

Ɗanjuma: Maganar wa? Rakiya?

Delu: Rijiya! Rijiyar gida, ta Inna!

Ɗanjuma: Ta rufta?

Delu: Ba ta rufta ba.

Ɗanjuma: Ta ƙahe?

Delu: Ina ma ƙahewa ta yi. Cika ta yi, Malam. Ruwa ya hau har mace na iya ɗiba da rabin igiya.

Ɗanjuma: To ai wannan albarka ce! Don wannan kinka tsorata ni?

Delu: Ruwan ya ɓaci. So nake ka ba da izini a cike ta da ƙasa.

Ɗanjuma: Alo? Wayar ga na ƙara. Ban ji ki da kyau ba.

Delu: Ka ji ni.

Ɗanjuma: A cike ta? Rijiyar da na gina sadaka ga uwata? Delu, lahiyarki ƙalau?

Delu: Ka saurara in gaya maka. Gulbi ya cika.

Ɗanjuma: Wane gulbi?

Delu: Gulbi nawa ke Yamai? Ya cika ya tumbatsa, ya cinye garakan bakin ruwa. Salatin Sumana da tumatirinshi na ƙasa duk suna cikin ruwa.

Ɗanjuma: An yi ruwan sama?

Delu: Ko ɗigo.

Ɗanjuma: To ki daina. Da ɗari gulbi zai cika? Na bar shi yana ja da baya, da idona na gani. Damina ta wuce, ruwa ya tahi, haka Allah ya tsara ko'ina.

Delu: Haka ya tsara a ƙasarmu. Nan sau biyu yake cika. Na damina ja ne, shi munka gani. Wannan na ɗari baƙi ne, wai daga Mali yake tahowa, watanni yana hanya. Kowa ya sani a Gamkalle, har yara. Mu kaɗai ne baƙi, ba mu taɓa yin ɗari a garin ga ba.

Ɗanjuma: To ya cika. Mi ya haɗa gulbi da rijiyata? Gidanmu ai ba bakin ruwa yake ba.

Delu: Ta ƙasa yake biyowa. Da gulbi ya hau, ruwan ƙasa ya hau. Ya hau cikin rijiya, ya hau cikin salga.

Ɗanjuma: Salga?

Delu: Salgarka. Yanzu in ka jefa tsakuwa ciki, ruwa kake ji.

Ɗanjuma: A'a. A'a, Delu. Salgar ga busassa na bar ta. Ni na gina ta, ni na shiga, har sai da ɗanmu Abdou ya leƙo bai ga kaina ba. Babu irin ta a layinmu. Yadda Baba ya gina tamu ta gida na gina ta, wadda har yau ba ta cika ba.

Delu: Can gida sai an haɗa igiya da igiya kahin a taɓa ruwa. Nan ruwa na nan kusa, ƙarƙashin tabarma. Zurhin ne ya kai ta inda ruwa ke zuwa. Sun haɗe, Malam. Abin da ke salga shi ke rijiya.

Ɗanjuma: Subhanallahi, daina faɗin wannan ƙazanta! Wa ya gaya maki? Wa ya shiga ƙasa ya gani?

Delu: Tabita ta zo da kirezil daga likita, wannan maganin mai wari da suke wanke ɗaki da shi. Ta juye kwalba cikin salga, ta ce in jira. Washegari na ja guga, na kai hanci. Kirezil, Malam. Har liman na kai ma ya sunsuna.

Ɗanjuma: Wataƙila gugar ce ta taɓa kwalbar.

Delu: Gugar Hawa matar Sumana ma ta taɓa? Da ta matar mai wanki?

Ɗanjuma: To a yashe ta. Ki nemi samari su kwashe ruwan duka, sabo shi tsatso.

Delu: An yashe. Sumana da ƙannenshi sun wuni suna ja. Kahin la'asar ta koma yadda take, da warinta.

Ɗanjuma: To salgar za a cike, ba rijiyar ba. Salga ai ba sadaka ba ce. Na yarda, a cike ta yau.

Delu: Ita ma za a cike. Amma Tabita ta ce ƙasar tsakaninsu ta riga ta sha, ko an cike salga abin na nan yana tsiyaya. Malam, yara na zawo. Layin duka. Gidan mai wanki, gidan liman, gidan tsohuwar nan mai ƙosai. Zawo da amai, har da jini.

Ɗanjuma: Zawo ai kowace shekara ana yi.

Delu: Waɗanda ke sha a rijiyarmu su ke yi. Na can gaba masu sayen ruwan pampo wurin 'yan ga-ruwa, lahiyarsu lau.

Ɗanjuma: Namu fa? Abdou? Ramatou?

Delu: Babban ya yi, ya tashi. Har ya koma karatu lakkol.

Ɗanjuma: Ramatou?

Delu: Ta yi ita ma. Da sauƙi.

Ɗanjuma: Alhamdulillahi. To kin gani, ana yi ana tashi.

Delu: Ɗan Sumana bai tashi ba.

Ɗanjuma: Wanne?

Delu: Na goye. Wanda Hawa ke zuwa da shi ɗibar ruwa, mai kama maka gemu.

Ɗanjuma: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?

Delu: Ran Juma'a. Ya zube kamar tsumma, idanu sun faɗa. Kahin a kai shi likita ya cika.

Ɗanjuma: Allah shi jiƙan shi, Allah shi sa mai ceto ne. Ki yi mani gaisuwa wurin Sumana. Kwana ne ya ƙare, Delu. Kada ki ɗora ma kanki, kada ki ɗora ma rijiya.

Delu: Sumana bai ɗora ma kowa ba. Da na je gaisuwa shi ke ba ni haƙuri, yana ce mani kala suru da Zabarmanci. Ni da na kasa ɗaga ido in dube shi.

Ɗanjuma: To ki rufe bakinta da zana, ki ɗauke guga, ki gaya ma mata kada su ɗiba har in zo. Shi ke nan. Ba sai an kashe ta ba.

Delu: Kana tsammani ban yi ba? Na rufe da zana, na ɗora turmi. Na ɓoye guga ƙarƙashin gado. Sai sunka riƙa zuwa da nasu. Gidanmu ba ƙofa gare shi ba, kai ka ce kada a sa, don mai ƙishi shi shigo ba sallama. Na ɗauko kujera na zauna bakin rijiya kamar mai gadi. In na shiga ɗaki ba da nono, in hito in iske tulu biyu cike.

Ɗanjuma: Ba ki yi masu bayani ba?

Delu: Da wane harshe? Zabarmancina bai wuce fofo ta gaisuwa ba. Tabita ta bi gida gida ta yi masu. Sun ji, sun yarda. Sannan tsohuwar nan mai ƙosai ta ce mata, to mi za mu sha? Pampo yana can wajen kasuwar Piti Marshe, in mace ta tahi da sahe ta bi layi, rana ta raba kahin ta dawo da tulu guda. Ruwan ga-ruwa ya fi ƙarhin mai sayar da ƙosai. Gulbi ga shi ya cika, bakin duk laka da kashin shanu, kuma can kowa ke zagayawa.

Ɗanjuma: Su tafasa.

Delu: Da wane icce? Wanda za su dafa tuwo da shi? Ajiyewa suke cikin randa har warin shi kwanta, su ce ya gyaru. Hawa ma, Malam. Hawa da ta binne ɗa ran Juma'a, jiya na gan ta da tulu bakin rijiyar ga. Na riƙe igiyar, ta riƙe. Kallona kawai take. Tana da sauran uku a gida suna jin ƙishi. Ni na saki.

Ɗanjuma: Kai, kai, kai.

Delu: Wasu har cewa suke, mai gida ya tahi, Bahausa ta fara rowar ruwa. Muddin ramin ga na buɗe, za su sha. Ni ma da ni ce su, sha zan yi.

Ɗanjuma: An ce za a kawo pampo Gamkalle. Ran bikin tuta da kunnena na ji, sun ce yanzu mulki na hannunmu, kowace unguwa za ta samu.

Delu: Allah shi kawo. Ban ga ko bututu guda ba tukuna.

Ɗanjuma: In an cike rijiyar, su sha mi? Ke ma amsa mani.

Delu: Su sha wahala, su yi nisa, su zage ni. Masu lambu sun ce za su haɗu su gina wata can tudu, nesa da salgar kowa, in gulbi ya ja. Kahin nan a wahala. Na fi son su zage ni da ransu.

Ɗanjuma: To tunda kun gama shawara ke da Tabita, mi kuke jira? Ku cike mana!

Delu: Kada ka yi mani haka. Ka san babu mai taɓa ta. Sumana ya kawo shebur har tsakar gida, liman ya tsai da shi. Ya ce rijiyar sadaka ce da sunan mamaciya, ba mai zuba mata ƙasa sai da bakin wanda ya yi niyya. Ya ce ko ni ban isa ba. Maza na nan a shirye, kalmarka kawai ake jira. Shi ya sa na zo na shiga akwatin ga ina ihu gaban mutane.

Mai haɗa waya: Yamai, kun gama? Akwai masu jira.

Delu: Ba mu gama ba, Madam! Don Allah kaɗan! Malam? Kana nan?

Ɗanjuma: Ina nan.

Delu: To?

Ɗanjuma: Delu, kin san Inna. Kin ga tsakar kanta. Babu gashi ko ɗaya, gammo da tulu sun cinye. Tun tana yarinya take tahiya ɗibar ruwa, ta hita da duhu ta dawo rana tsaka, har ranar da ƙafa ta ƙi. Ban yi mata komi ba tana da rai. Ban kai ta Makka ba, ban gina mata ɗakin kwano ba. Da munka zo Yamai na ga ruwa kusa haka, na ce to, ga abin da zan iya. Duk macen da ta ɗiba ba ta yi nisa ba, lada shi isa kabarin Inna. Abu guda ke nan da na yi mata. Shi kike cewa in sa a zuba ma ƙasa, ta waya, ina tsaye cikin kantin mutane.

Delu: Na sani. Wallahi na sani. Ni na riƙa jan ƙasa da kwando kana ciki. Niyyarka ba ta ɓaci ba, Malam, ruwan ne ya ɓaci. Amma yanzu duk guga da anka ja da sunan Inna ake ja, kuma ka ji abin da yake yi. Inna ko kare ba ta ba ruwan da ta san zai cuce shi.

Ɗanjuma: Kada ki sa mata magana a baki.

Delu: To na bari.

Ɗanjuma: Ki ba ni lokaci. Awo ya kusa ƙarewa. In zo in gani da idona, in sunsuna da hancina. In na ga haka ne, ni da kaina zan zuba kwandon farko. Wataƙila ma kahin nan gulbi ya ja, ta gyaru.

Delu: Gulbi ba ya ja sai zahi ya shigo.

Ɗanjuma: Ki ci gaba da zama bakinta.

Delu: Ba ni iyawa.

Ɗanjuma: Kamar ƙaƙa ba ki iyawa? Zama ne kawai.

Delu: Ba ni iya kallon ta. Malam, ka bar awon. Ka nemi kamiyo ka taho.

Ɗanjuma: In bar ma Alhaji baskil tsakiyar kaka? Don rijiya?

Delu: Ka dai taho. Ramatou... jikin ya ɗan matsa. Ana son ka zo.

Ɗanjuma: Ɗazu kinka ce da sauƙi.

Delu: Da sauƙi. Ka dai taho.

Ɗanjuma: Wa ke son in zo?

Delu: Liman. Da Tabita. Kowa.

Ɗanjuma: Tana likita?

Delu: A'a.

Ɗanjuma: Tana bayanki? Kanga mata abin a kunne in ji ta. Ko kuka ne ta yi mani.

Delu: Ba ta nan.

Ɗanjuma: Ba ta nan? Yarinyar da ko bayi ba ta bari ki shiga ke kaɗai? Ke kina gidan waya, Tabita na gidan waya, Abdou na lakkol. Wa kinka bar ma ita?

Delu: ...

Ɗanjuma: Alo? Delu? Wayar ce ko ke ce?

Delu: Ni ce.

Ɗanjuma: Wa kinka bar ma ita?

Delu: Sun ce kada in faɗa maka ta waya. Sun ce kana da hanya gabanka, a bari ka iso.

Ɗanjuma: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi... Yaushe?

Delu: Shekaranjiya, da hantsi. A hannuna. Tun da babban ya kwanta na daina ba su na rijiya, wallahi na daina, amma ta riga ta sha. Ba ta wahala sosai ba, Malam. Ƙishi kawai take ta cewa.

Ɗanjuma: Kin bar ni ina ta surutu. Ina maganar gyaɗa. Ina cewa ana yi ana tashi.

Delu: Ban so in karɓi izininka da gawar ɗiyarka ba. Na so ka ba ni don na mutane.

Ɗanjuma: Da wane ruwa anka yi mata wanka?

Delu: Na ga-ruwa. Na tsai da shi bakin hanya. Ban yarda ɗigon waccan ya taɓa ta ba.

Mai haɗa waya: Yamai, lokaci ya yi. Zan yanke.

Delu: Madam, don girman Allah! Malam, ka yi magana, za ta yanke!

Ɗanjuma: A cike ta.

Delu: Ƙara faɗi, ga Tabita ta kawo kunne, ta zama shaida wurin liman.

Ɗanjuma: Ni Ɗanjuma na ce a cike ta! Yau, kahin rana ta faɗi, kada a bar ta ta kwana. Ki ce ma Sumana shi fara zubawa. Ki ce mashi... ki ce shi yahe mani.

Delu: Za ni faɗa mashi.

Ɗanjuma: Ina tahe. Ko bisa buhuna ne zan hau. Delu, ina anka sa ta? Wace maƙabarta? An sa alama? Kada in zo in rasa...

Mai haɗa waya: An yanke, Malam.

Ɗanjuma: Alo? Delu! Alo?